Ƙaiƙayin gaba ya hana ni sakat, ga shi ina da juna biyu

Assalamu alaikum Anti Likita,

Ina gaishe ki da aiki, ke da abokan aikinki na gidan rediyo. Daga wani ƙauye nake rubuto miki, a ƙaramar hukumar Ringim ta jihar Jigawa. Don Allah a sakaya sunana, domin surukata ba ta barin shirin nan ya wuce ta.

Shekarata 21, ina ɗauke da cikin fari wata 5. Tun ina budurwa ƙaiƙayin gaba yake taso min jefi-jefi, amma da cikin nan abin ya ta'azzara. Farin ruwa ne mai kauri yake fito min, gudaji-gudaji kamar kindirmo, ba ya wari, sai raɗaɗi in na yi fitsari ko in maigida ya neme ni.

A garinmu duk abin da ya sami mace a ƙasa sanyi ne, maganinsa kuma kafso daga kemis. Na sha har na gaji. Ƙawaye kuwa kowa da nata: wannan ta ce tsarki da ruwan bagaruwa, waccan ta ce matsi. Surukata ta ce a masai na ɗauko, wai 'yan matan yanzu ba su iya tsafta ba. Maganar nan ta fi ciwon ci min rai, don ni har sabulu nake sawa in wanke can ciki.

Sai na ji kin ce mata 3 cikin 4 sukan gamu da wannan ciwo ko da sau ɗaya a rayuwarsu, kuma ƙwayar kandida da ke jawo shi dama tana zaune a jikin mace, sai ta sami sarari take yawaita. Kin ce kafson kashe ƙwayoyin cuta yana ba ta wannan sararin, haka ma ciki, da ciwon sukari, da matsattsen wandon leda a zafin nan namu.

To Anti, ashe kafson da sabulun su suke ƙara min? Wane magani ya halatta ga mai ciki, na sha ko na matsi? Zai taɓa abin da ke cikina? Innata tana da sukari, shin in roƙi a auna ni ranar awo? Sannan maigida, shi ma sai ya sha magani? In haka ne, ki faɗa a rediyo da bakinki, ya fi jin maganar likita a kan tawa.

Taki mai sauraro,
daga ƙasar Ringim