Rahoton Ayyukan Ƙungiyarmu ta Koyon Turanci, Katsina, na Shekarar 2024

Assalamu alaikum, 'yan'uwa.

Zan fara da maganar kuɗi, don na san idan na bar ta ƙarshe wasu ba za su karanta har can ba. Sunaye 46 ne a littafin rajista. Waɗanda suka biya kuɗin wata cif, ba sai da na bi su ba, mutum 11 ne. Naira 500 ce fa a wata, ko kuɗin data na kwana biyu ba ta kai ba. Na buga waya, na tura saƙo, na zaga shaguna daga Babbar Kasuwa zuwa Ƙofar Ƙaura a kan babur ɗina, da man aljihuna. Amsar ɗaya ce: "Sakatare, gobe in Allah ya yarda." Wani ma da Turanci ya sallame ni, ya ce "I am coming", kuma yau wata biyar ke nan yana zuwa. To, ba za a ce bai koyi komai ba.

Zaman Asabar da Lahadi bayan La'asar an yi shi yadda aka saba, ban da hutun azumi da na Sallah biyu.

Sai ɗan littafin jimloli, wanda na ji ana ta guna-guni a kansa. Gaskiya ne mun yi alkawarin zai fito kafin Babbar Sallah, kuma bai fito ba. Amma a sani ba zama muka yi ba. Ni da Malam mun tattara jimloli 120, mun kasa su gida-gida: gaisuwa, ciniki, ganin likita, banki, tashar mota, amsa waya. Kowace da ma'anarta da yadda ake furta ta. Mun ware shafi guda don bambanta "fifteen" da "fifty", tunda kowa ya tuna asarar da ɗan'uwanmu mai sayar da caja ya tafka a kan wannan, da wani shafin don "pan" da "fan", saboda harshenmu na Bahaushe yakan haɗa P da F ya mayar da su abu ɗaya. Duk yana cikin kwamfuta. Da muka koma wurin mai bugawa, farashin da ya ba mu a farkon shekara ya tashi, kamar yadda komai ya tashi tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Abin da ke asusu ko rabi bai kai ba. Masu tambayar ina littafi su duba sunayensu a jerin masu bashi, za su ga inda ya maƙale.

Ajin mata ma ya tsaya a watan Oktoba. 'Yar hidimar ƙasa da ke koyar da su kyauta ta gama, ta koma garinsu, mu kuma ba mu da abin biyan malama. Farin allo bai samu ba, har yanzu baƙin allon Islamiyyar da ta ara mana aji muke gogewa.

Yanzu bari in huta da ƙorafi in yi maganar Daura, domin ranar ta wanke mini zuciya. Mu 19 muka tafi a bas ɗaya, tare da 'yan hidimar ƙasa huɗu daga Kudu waɗanda Hausarsu ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba. Doka ita ce daga tasha har mu dawo ba Hausa, wanda ya yi suɓul da baka ya ajiye Naira 50. Kafin mu fita gari motar ta yi tsit kamar gidan makoki. Hajiya ce ta fasa shirun, ta juya ta tambayi baƙuwar da ke gefenta, "Have you eaten?", ta miƙa mata ƙosai. Daga nan baki ya buɗe.

A rijiyar Kusugu muka ce Baba tela shi zai ba baƙi labari. Ku tuna, bara waccan Baba ko sunansa ba ya iya faɗa da Turanci ba tare da ya kalli ƙasa ba. Ya gyara hula, ya tsaya bakin rijiyar ya ce, "Big snake inside. Water, only Friday." Ya kawo zuwan Bayajidda, da tsohuwa Ayana da ta sauke shi, da yadda ya nemi ruwa da dare aka ce babu. Da ya zo kan wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, kalmar maƙeri ta ɓace masa. Bai tsaya ba, bai kalli Malam ba. Ya dunƙule hannu yana dukan tafinsa, "Man, fire, iron, gwam, gwam!" Ɗaya daga cikin baƙin ya yi tsalle ya faɗi kalmar, Baba ya cafe ya ci gaba har zuwa auren Daurama. Suka yi ta jefo masa tambayoyi yana amsawa, wata daidai, wata a karkace, amma duk sun fahimta. Aka jefa guga, kowa ya kurɓa. Malam ya koma gefe yana goge tabarau, ya ce wai ƙura ce.

Tarar ranar ta kai Naira 1,150, kuma in ban da na mutum 11 ɗin nan, ita ce kuɗin da na taɓa karɓa a ƙungiyar nan ba tare da roƙo ba. Shugaba shi kaɗai ya biya 300.

Abin da ya ba ni haushi, cikin waɗanda ba su je ba akwai masu cika zauren WhatsApp da gyara wa mutane Turanci, alhali tun Janairu ba mu ga ƙeyarsu a aji ba. Baba kuwa sau biyu kacal ya yi fashi duk shekara, kuma ba a bin sa ko sisi.

Babban taro Lahadin farko ta watan gobe, bayan La'asar. A zo da kuɗin baya. Za a zaɓi sabon sakatare, kuma tun yanzu ina roƙon kada kowa ya ambaci sunana. Littafin rajista da makullin akwati suna wurina, zan zo da su.

Wassalam.
Sakatare