A Riƙa Bambanta Waƙar Kundi da Wadda Aka Sake Haɗawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan muhawarar da muke yi a majalisarmu ta Jekadafari game da waƙoƙin wani mawaƙin Ingila mai kiɗan fiyanon lantarki, salon da ya yi tashe a shekarun 1980.

Wasunmu sun fi son waƙar yadda take a kundi, wato tarin waƙoƙin da mawaƙin ya fitar tare (album), wasu kuwa wadda aka sake haɗa kiɗanta. A wancan zamani, irin ta biyun a kan faifai mai faɗin inci 12 ake buga ta, wanda ke ba da damar a ja waƙar minti huɗu ta kai bakwai saboda masu rawa. Ni dai ta kundi ta fi kwanta mini a rai, domin a cikinta nake jin numfashin mawaƙin kafin ya ɗauki baiti, alhali a ɗayar kuwa, gangar na'ura ta danne muryarsa.

Abin da ke damuna shi ne masu tura waƙoƙi a waya kan ba wa ta kundi da wadda aka sake haɗawa suna ɗaya. Ina roƙonsu su riƙa rubuta bambancin.

Naka,
Mai karatu daga Gombe