Rahoton ayyukan shekara zuwa ga membobi: bana takardun ƙungiya sun samu kwaɗo biyu

Assalamu alaikum ƴan uwa, iyayenmu maza da mata, da fatan an yi kaka lahiya, Allah ya sa albarka ga abin da anka girbe. Kamar yadda munka saba, ga rahoton abin da biro ya yi bana kafin babban taro, ku duba ku riƙe tambayoyinku, wanda bai karanta boko a karanta mishi don Allah, sakatarorin rassa wannan aikinku ne.

Zan wuce da sauri kan abin da kowa ya gani da idonshi. Bankin hatsi ya buɗe kan lokaci, an saida ma membobi gero cikin damina sa'adda kasuwa ta hau, irin wake da na gujiya sun isa rassan Tsibiri, Madarumfa da Gidan Rumji kafin shuka, na Agye ne ya makara kuma laifin namu ne nan biro, mun amsa. Mata masu matsar mai da ƙuli-ƙuli sun samu horonsu. Masu aya sun zauna kan farashi, gardama dai har yau ba ta ƙare ba. Lissafin kuɗɗi Hajiya ma'ajiya za ta kawo nata da resi-resinta, ba zan shiga gonarta ba.

Aikin da ya fi cinye mana lokaci bana ba a ganinshi da ido, shi ya sa wasu ke ta tambaya wai mi biro ke yi kullum gaban ordinater. To ga shi.

Kun san takardun ƙungiya duka, dokokinmu, takardar izinin hukuma, jerin sunayen membobi da lambobin waya, hotunan katin ɗan ƙasa da munka karɓa wajen rajista, rahotannin da muke aika ma abokan hulɗa, tun da daɗewa suna cikin Google Drive, wato rumbun ajiya na intanet. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne rumbun nan ba na ƙungiya ba ne, asusun Gmail ne na tsohon sakatarenmu, shi ya buɗe da sunanshi da lambarshi don ya taimaka, Allah ya saka mishi. Kalmar sirri guda ce kowa ke shiga da ita, kuma an taɓa rubuta ta cikin gurup ɗin WhatsApp na biro, gurup ɗin da mutane sunka shiga sunka fita ba adadi. Ni kaina na yi shekaru ina ganin abin ban ce komi ba, tunda shina aiki.

Farkon shekara abu uku sunka faɗo mana a jere. Na ɗaya, wasiƙu sunka daina shigowa, ashe giga 15 da ake ba kowane asusu kyauta tsakanin Gmail da Drive da hotuna ake raba shi, wayar wani cikinmu ta yi ta tura bidiyon biki can har ya cika. Na biyu, jerin sunayen membobin wani reshe ya ɓace, wani ya goge bisa kuskure, kuma abin da anka goge kwana 30 kawai yake yi cikin kwandon shara kafin ya tahi gaba ɗaya, mu ko ba mu lura ba sai bayan wata biyu. Wa ya goge? Babu mai iya cewa, tunda dukanmu da suna guda muke shiga, anka yi ta zargin juna a banza har wasu sunka daina gaisawa. Na uku shi ne babba: tsohon sakatare ya koma Yamai da aiki, anka sace mishi salula, pus ɗin ya tahi da ita, mu kuma nan da munka zo shiga daga sabon ordinater sai anka ce an aika lamba ga wayar mai asusu. Kusan sati biyu muna waje, daidai lokacin da abokan hulɗa ke jiran dosiyen proje. Da ƙyar anka kai shi ranar ƙarshe.

Bayan haka Elhaji shugaba ya kira zama ya ce wagga magana ba za ta sake faruwa ba shina kan kujera. Wani ɗan membanmu da ke karatu jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya zauna da mu asabar-asabar bai karɓi ko dala ba, shi ya nuna mana hanya, mu munka yi aikin da hannunmu don kar gobe ya gama karatu ya tahi mu koma gidan jiya.

Abu na farko, ƙungiya ta buɗe asusu nata na kanta a Google Workspace, wato tsarin Google na ma'aikatu da ƙungiyoyi, da sunanta, kowane ɗan biro da sakataren reshe da nashi adireshi da tashi kalmar sirri. Biya ake yi bisa kowane kai, don haka ba kowane memba anka buɗe ma ba, sai mai taɓa takardu. Takardun kuma mun kwashe su zuwa rumbun haɗaka, wanda a waya za ku ga an rubuta Drive partagé, shi abin da ke ciki mallakar ƙungiya ne ba na wanda ya ɗora ba, ko mutum ya bar aiki takarda na nan. Izini mataki biyar ne, daga mai kallo kawai har mai gudanarwa, sakataren reshe na iya ɗora nashi ya gyara amma ba ya iya gogewa, kuma duk abin da anka taɓa ana ganin wa ya taɓa da yaushe.

Abu na biyu shi ne wanda ya jawo mini surutu, kwaɗo na biyu. Kun san magazan ɗin bankin hatsi kwaɗo biyu gare shi, mabuɗi ɗaya hannun magaziniye ɗaya hannun shugaban komiti, ba don ana zargin kowa ba. To haka nan. Kalmar sirri abu ne da ka sani, ana iya ji, ana iya leƙawa a saiba, ana iya yaudararka ka rubuta ta wajen da bai dace ba. Sai a ƙara da abin da ke hannunka, wato wayarka, wasu tsare-tsaren ma har da abin da ke jikinka kamar zanen yatsa. Ɓarawo ya samu ɗaya bai samu ɗayan ba, ƙofa ba ta buɗuwa. Kamfanin Microsoft a 2019 ya ce wanga tsari na tare sama da kashi 99.9 cikin ɗari na hare-haren ƙwace asusu, ni dai ba masanin lissafinsu ba ne, amma ko rabin haka ne ya isa a yi.

Mafi yawanmu mun sa manhajar Google Authenticator. Ana nuna maka wani hoto mai ɗigo-ɗigo, kod QR, ka ɗauka da kyamara sau ɗaya, daga nan wayarka ta riƙa fiddo lamba shida da ke canjawa kowace daƙiƙa 30. Abin da ya burge ni da ita, ba ta son rezo ba ta son kiredi ba ta son mega, lissafi take yi da wani sirri da ta adana da kuma agogon waya. Amma nan ne fa gizo ke saƙa, in agogon wayarka ya kauce lambar ba za ta yi ba. Sakataren Madarumfa ya kira ni ranshi ɓace shina cewa abinku ya lalace, sau biyar ina sa lamba ana ƙi, ashe batir ya mutu mishi kwana biyu ba wuta, da ya kunna ya saita lokaci da hannu ya yi gaba da minti huɗu. Munka maida agogon kan otomatik, shi ke nan. Ku riƙe wannan, ita ce matsalar da ta fi dawowa.

Masu ƙaramar waya mai maɓalli mun bar su kan lamba ta SMS, ba don mun so ba. Ita ce mafi rauni, in wani ya je ya sa anka sake mishi pus da lambarka saƙon wajenshi za ya tahi, kuma ƴan uwanmu na wajen Dan Isa wani lokaci waya na tsallakawa rezon Najeriya saƙo ya yi ta jinkiri. Amma kwaɗo mai rauni ya fi ƙofa buɗe, za mu ci gaba da shi har Allah ya hore babbar waya.

In waya ta ɓace fa? Wannan ita ce tambayar Hajiya ma'ajiya tun ranar farko kuma ta yi gaskiya, tunda abin da ya same mu ke nan. Kowane asusu na da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace lamba takwas gare ta, sau ɗaya tak ake amfani da ko wace. Mun buga su a takarda, kowa ya sa nashi cikin ambulan ya liƙe ya sa hannu bisa bakin, suna cikin akwatin ƙarfe na biro. Kar wanda ya ɗauki hotonsu ya aje cikin wayar da ake tsoron ta ɓace, an yi, na gani, ba zan faɗi suna ba. Masu gudanar da tsarin duka mu biyu ne, ni da mataimakin shugaba, don in ɗaya ba shi nan ɗayan ya iya fiddo ma mutum sabbin lambobi.

Mun ba da wa'adi kowa ya sa kwaɗonshi na biyu, mun yi ta tuni har na gaji da kaina, ranar da munka tilasta shi wasu sakatarori sunka tarar ƙofa rufe. An yi hushi, wani ma ya kai ƙarata wajen Elhaji wai na raina manya. Baba, ban raina kowa ba wallahi, tsarin ne bai san babba ba, shi kanshi Elhaji sai da jikanshi ya riƙe mishi waya anka ɗauki kod ɗin.

Abu na uku shi ya kwantar da surutun, shiga guda. Da, kowane waje da tashi kalmar sirri, ta Zoom na taro ta bidiyo daban, ta Canva da muke yin fosta daban, ana rubuta su bayan kaye. Yanzu zaure guda ne, ka yi sallama nan a gane ka, sauran ɗakuna sai ka danna shiga da Google. Ɗalibinmu ya bayyana mana cewa ɗayan wajen ba ya ma ganin kalmar sirrinka, wata shaida mai sa hannu kawai ake miƙa mishi cewa wane ne kuma an tantance shi, ƙa'idar da ake bi sunanta OpenID Connect, tun 2014 take, akwai kuma wadda ta girme ta, SAML 2.0 ta 2005, da manyan ma'aikatu ke amfani da ita. Amfanin shiga guda gare mu, ranar da wa'adin mutum ya ƙare a biro asusu guda za a dakatar, ba ya sake shiga ko ina da sunan ƙungiya, ba sai an bi waje-waje ana canja kalmar sirri ana mance wasu ba. Haɗarinta kuma a fili yake, tunda zaure guda ne wanda ya ƙwace shi ya samu gida duka, shi ya sa ba mu buɗe ta ba sai da kwaɗo na biyu ya hau kan kowa.

Akwai kuma batun doka da ban so in tsallake. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sabunta ta a 2022, da hukumar HAPDP mai sa ido. Katin ɗan ƙasar mace da ta ba mu don rajista amana ce, bai kamata wanda ya bar ƙungiya shekaru da sunka wuce ya iya buɗe shi daga wayarshi ba, kuma a da haka abin yake. Yanzu babban fayil ɗin katuttuka mutum uku kawai ke ganinshi.

Gargaɗi ɗaya ga kowa har wanda ba ya biro. Babu ɗan biro da za ya kira ka ya ce karanto mini lambar da ta shigo maka, ko ni ne na kira kar ka ba ni. Da haka ake ƙwace WhatsApp ɗin mutane, a ce an yi kuskure an tura maka lamba shida, ka turo, sai ka ga an fidda ka ana roƙon kuɗɗi da sunanka wajen dangi, ya faru ga membobinmu bana. WhatsApp ma na da nata kwaɗo na biyu, lamba shida da kai ke zaɓa, ku sa. In kuma waya ta tambaye ka ko kai ne ke son shiga alhali kana gona, danna a'a ka kira mu.

Abin da ba mu gama ba: tsofaffin takardun da ke cikin kwali da kile USB ba a ɗora su duka ba, jerin sunayen da ya ɓace ana sake tattara shi gida-gida, reshen Tasawa bai samu horo ba saboda hanya da damina, kuma muna son sayo mabuɗin tsaro na hannu irin YubiKey guda biyu don asusun masu gudanarwa, shi shafin bogi ba ya iya yaudararshi kamar yadda ake yaudarar mutum ya rubuta lamba, za mu sa shi cikin kasafin baɗi ku amince ko ku ƙi. Kuɗɗin da ake biya na asusun ma daga kotizasiyo ke fita, masu bashi kun ji.

Ranar babban taro za mu zauna da sakatarorin rassa bayan azahar, kowa ya zo da wayarshi cike da caji, wanda ya canja waya bana ya gaya mini tun da safe, wanda kuma ya riga ya buɗe ambulan ɗinshi ya faɗa a buga mishi sabo.

Naku, sakataren ƙungiya, a madadin biro, Maradi.