Saƙonnin imel sun ɓace a kwamfuta? A dakata da formatin tukuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon a ba mu fili mu yi magana a kan wata asara da ake tafkawa a ofisoshin makarantu, sakatariyoyin ƙananan hukumomi, asibitocin karkara da shagunan buga takardu, tun daga Ringim da Gumel har Bichi da Rano. Akawu zai kunna kwamfuta da safe, ya buɗe manhajar imel ta Outlook ko Thunderbird, ya tarar da akwatin saƙo wayam, wasiƙun shekara uku babu ko ɗaya. Hankali ya tashi, a kira yaron da aka ce ya iya kwamfuta, shi kuma magani ɗaya ya sani: a yi formatin, wato a share komai na kwamfutar a sake saka Windows. A nan ne saƙonnin suke mutuwa da gaske. Kafin formatin, galibi suna nan kwance a cikin faifan ajiya, manhajar ce kawai ta kasa nuna su.

Abin da za a fara yi ba gyara ba ne. A cire intanet daga kwamfutar, ko waya ce ke ba ta data ko modem, a rufe manhajar imel ɗin, sannan a kwafe rumbun saƙonnin gaba ɗaya zuwa filash. Dalilin cire intanet shi ne, idan an goge saƙonnin daga can wajen kamfanin imel, da zarar kwamfutar ta hau layi za ta bi sahu ta goge nata kwafin, wanda wataƙila shi kaɗai ya rage a duniya.

Ina rumbun yake? Na Thunderbird yana cikin wata folda da Windows ke ɓoyewa. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta %APPDATA%\Thunderbird, a danna Enter, a kwafe duk abin da ya bayyana, musamman foldar Profiles. Na Outlook kuwa fayil ne mai ƙarewa da .pst, yawanci a Documents cikin Outlook Files, ko mai ƙarewa da .ost a %LOCALAPPDATA%\Microsoft\Outlook. Idan fayil ɗin ya haura gigabait 4, filash ya ƙi karɓa alhali akwai wuri, ba lalacewa ya yi ba. Tsarin FAT32 ne a kansa, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce haka. Sai a nemi filash mai exFAT ko NTFS.

Wannan ɓoyayyiyar folda ita ce ke cin mutane. Mai gyara na kirki kafin ya yi formatin zai kwashe Desktop da Documents da hotuna, ya ce ya kwashe komai. Bai taɓa AppData ba don bai gan ta ba, duk wasiƙun Thunderbird kuma a ciki suke. Garin neman gira aka rasa ido ke nan.

Bayan an yi kwafi, a buɗe imel ɗin ta burauza a waya ko a wata kwamfutar daban. Idan Gmail ne, a duba All Mail, domin saƙon da aka yi wa Archive yana barin akwatin shiga ne kawai, ba gogewa ba ce, kuma yatsa ɗaya a kan waya ya isa ya ture shi can ba tare da an lura ba. A akwatin bincike a rubuta in:anywhere tare da sunan wanda ya aiko, wannan zai haɗa har da kwandon shara da Spam. Gmail na riƙe abin da ke kwandon shara kwana 30, Yahoo kuwa kwana 7 kacal, don haka wannan ba aikin da za a bari sai ranar kasuwa mai zuwa ba ne. Idan imel ɗin na ma'aikata ne da ke kan Microsoft 365, Outlook na da Recover Deleted Items, wanda bisa tsarin asali ke dawo da abin da aka goge cikin kwana 14 ko da an zubar da kwandon.

Nan ya kamata a san bambancin hanyoyi biyu da manhaja ke karɓo saƙo. IMAP madubi ne: abin da ke can wajen kamfani shi ake gani a kwamfuta da waya, idan an goge a wuri ɗaya ya gogu ko'ina. Shugaban makaranta ya ga wayarsa ta cika, ya share tsofaffin saƙonni, washegari akawu ya nema a kwamfutar ofis ya rasa. POP kuwa ɗan aike ne, yana kwaso wasiƙu ya kawo gida. Outlook da Thunderbird duka, idan ba a canza ba, suna barin kwafi a wajen kamfani na kwana 14 ne sannan su sa a goge. Saboda haka idan saƙonni na ɓacewa daga waya da burauza bayan mako biyu, a nemi tsohuwar kwamfutar da ke kusurwar ofis wadda aka taɓa saka wa wannan imel da POP. Ita ke kwashewa, kuma duk suna cikinta.

Sau da yawa ma ba a kai ga wannan duka. A Thunderbird akwai sandar Quick Filter a saman jerin saƙonni, idan aka taɓa Unread bisa kuskure, duk wasiƙar da aka taɓa karantawa sai ta ɓuya. A Outlook a shiga View a danna Reset View. A kuma duba ko an ja foldar ne da maus ta faɗa cikin wata, a buɗe kowane ɗan kibiya da ke gefen hagu. Outlook yana da AutoArchive da ke kwashe tsofaffin saƙonni zuwa archive.pst, ana buɗe shi ta File, Open & Export, Open Outlook Data File. Minti biyar sun isa a gwada waɗannan.

Idan ba su ba ne, sai a shiga cikin rumbun. Thunderbird na ajiye kowace folda a fayil biyu. Akwai Inbox, babu komai a bayan sunansa, shi ne ainihin wasiƙun, an jera su ɗaya bayan ɗaya cikin dogon rubutu guda. Akwai kuma Inbox.msf, wanda fihirisa ne kawai, kamar rajistar mai sito da ke cewa buhu kaza yana wuri kaza. Idan aka ɗauke wuta, ko janareta ya mutu manhajar na tsakiyar rubutu, rajistar ce ta fi saurin lalacewa, buhunan na nan. Girman fayil ke ba da labari. Idan Inbox ya nuna megabait 800 amma manhaja na nuna saƙo shida, a kwantar da hankali. Idan kuwa ya nuna sifili, to sai a koma neman wani wurin.

Gyaran rajista ba wuya. A danna maɓallin dama na maus a kan foldar, a shiga Properties, a danna Repair Folder. Ko a rufe Thunderbird, a goge Inbox.msf kaɗai, a sake buɗewa, za ta gina sabo da kanta. A kula sosai kada hannu ya zame a goge Inbox a maimakonsa, sunayensu kusa suke. Amma ga gargaɗi: wannan gyaran lafiya lau ne ga POP da Local Folders, wato foldojin da Thunderbird ke ajiyewa a kwamfuta kaɗai. Ga IMAP, Repair Folder na watsar da kwafin da ke kwamfuta ya sake sauko da komai daga wajen kamfani. Idan can babu komai, an yi asara. Idan ma akwai, akwatin gigabait 3 a kan datar waya da sabis ɗin ƙauye aikin kwanaki ne da kuɗi. Abin da ya fi shi ne a ɗauki fayil ɗin INBOX daga foldar ImapMail da ke can cikin Profiles, a canza masa suna zuwa Tsoho misali, a ajiye shi cikin Mail\Local Folders manhajar na rufe, sannan a buɗe. Zai fito a matsayin sabuwar folda wadda intanet ba shi da iko a kanta.

Saƙon da aka goge da hannu, har aka zubar da kwandon shara, shi ma bai tafi ba tukuna. Thunderbird kamar mai kanti take da littafin bashi: idan an biya sai ya ja layi a kan suna, ba ya yage shafin. A saman kowane saƙo cikin fayil ɗin Inbox akwai layi mai cewa X-Mozilla-Status da lambobi huɗu. 0000 na nufin ba a karanta ba, 0001 an karanta, 0008 an goge, 0009 an karanta an kuma goge. A taƙaice, idan ta ƙarshe 8 ce ko 9 ko harafi daga a zuwa f, an ja masa layi. Sai a buɗe kwafin fayil ɗin, kwafi muka ce ba na asali ba, da manhaja irin Notepad++, domin Notepad na Windows kan shaƙe da babban fayil. A nemo saƙon da sunan mai aikowa, a mayar da lambar 0001, a tabbatar huɗu ne ba a ƙara ba a rage ba, a adana, a saka fayil ɗin cikin Local Folders da sabon suna. Saƙon zai fito har da takardar da aka liƙa masa.

Abin da ke rufe wannan ƙofa shi ne Compact. Shi ne ranar da mai kanti ya kwafe sunayen da ba a ja wa layi ba zuwa sabon littafi, ya jefa tsohon a wuta. Thunderbird kan tambaya ko a yi, mutane kuma na danna amincewa ba tare da karantawa ba. Aiki ne mai amfani a ranar da komai ke lafiya, amma wanda ke neman ɓataccen saƙo kada ya yarda. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar Compact, akan tarar da fayil mai suna nstmp ko nstmp-1 a gefen Inbox. Kada a share shi a matsayin tarkace, sabon littafin ne da ba a gama kwafewa ba, shi ma a kai shi Local Folders a duba cikinsa.

Inbox mai nuna sifili, ko wanda ya ɓace ɗungurungum, a fara tuhumar antibairos. Tunda duk wasiƙun a fayil ɗaya suke, saƙo guda mai ɗauke da bairos ya isa ya sa a killace akwatin baki ɗaya. A buɗe sashen Quarantine na antibairos ɗin a dawo da fayil ɗin, a goge mugun saƙon ba tare da buɗe abin da aka liƙa masa ba. Sannan a Settings na Thunderbird, ƙarƙashin Privacy & Security, akwai zaɓin da ke ba antibairos damar killace saƙo ɗaya ɗaya, a kunna shi. Wani lokacin kuma manhajar ce ke buɗewa fes kamar yau aka saka ta, tana tambayar adireshin imel. Sabon profile, wato sabon rumbu, ta ƙirƙira, tsohon na nan cikin foldar Profiles. Ta Help, Troubleshooting Information, about:profiles ake komawa kansa.

Ga Outlook, maganin fayil ɗin .pst da ya lalace yana cikin kwamfutar tun ranar da aka saka Office, sunansa SCANPST.EXE. A Office 2016 da na bayansa yawanci yana C:\Program Files\Microsoft Office\root\Office16. A rufe Outlook, a nuna masa fayil ɗin, a danna Start, a bar alamar da ke cewa ya yi kwafi kafin gyara, sannan Repair. Babban fayil na iya ɗaukar awa ɗaya ko fiye, har ya yi kamar ya sandare. Saboda haka a tabbatar akwai isasshen mai a janareta ko caji a batirin sola kafin a fara, don katsewa a tsakiya na ƙara ɓarna. Akan maimaita sau biyu ko uku har ya daina samun kuskure. Abin da ya tsinto bai san gurbinsa ba zai zuba shi a folda mai suna Lost and Found. A kuma lura da girma: Outlook 2003 da 2007 na tsayawa a gigabait 20, daga 2010 zuwa sama 50, tsohon tsarin fayil na Outlook 2002 da na gabansa kuwa gigabait 2 ne kawai, kuma har yau ana cin karo da irinsa a ofisoshin da suka yi ta gadon fayil daga kwamfuta zuwa kwamfuta.

Wata ɗabi'a da muke roƙon a daina ita ce cire asusun imel a sake sakawa don kawai saƙo ya daina shigowa. Tun 30 ga Mayun 2022 Gmail ta daina karɓar kalmar sirri zalla daga tsofaffin manhajoji, sai an samo kalmar sirri ta musamman daga shafin Google ko an sabunta manhajar. Haka nan idan ɗan batirin CR2032 da ke kan allon tsohuwar kwamfuta ya mutu, kwanan wata zai koma baya da shekaru, haɗi da kamfanin imel ya ƙi yiwuwa. Ko Gmail ɗin ne ya cika gigabait 15 da hotunan biki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da cire asusu ke gyarawa, amma cire asusun IMAP a Outlook na tafiya da fayil ɗin .ost, tare da duk foldar da aka rubuta wa This computer only, wadda ba ta da kwafi ko'ina.

Idan kuwa aikin gama ya riga ya gama, an sake saka Windows, a duba ko akwai C:\Windows.old. Idan tana nan, tsohuwar AppData na ciki ƙarƙashin Users, a kwashe ta a yau, don Windows kan share ta bayan kwana 10. Idan kuwa an yi wa faifan formatin, a kashe kwamfutar nan take, a ciro faifan, a jona shi a wata kwamfutar a gwada manhajar ceto fayil irin Recuva ko PhotoRec, a kuma zuba abin da aka samu a wani faifai daban. Duk takardar da aka buga ko manhajar da aka ƙara saka wa faifan na iya hawa kan gurbin wasiƙun. A tsohon faifai mai juyawa akwai fata. A SSD kuwa, wato sabon faifai marar juyawa, fatan kaɗan ne, domin yana share gurbin abin da aka goge da kansa ba da jimawa ba. Faifan da ke ƙara ƙas-ƙas kada a sake kunna shi, a naɗe shi a kai wa masu aikin ceto bayanai a cikin birnin Kano, a kuma faɗa musu tun daga bakin ƙofa cewa wasiƙu ake nema, ba sabon Windows ba.

Mun gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wasu masu gyaran kwamfuta,
Ringim, Jihar Jigawa.