Amsar Tambayarka Kan Sabar Da Za Ka Zaɓa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Saƙonka ya iso, kana neman shawara ko ka ɗora sabon shafin wurin aikinku a kan Windows da IIS, ko ka koma Linux da Nginx. (IIS da Nginx duk manhajojin saba ne, wato masu miƙa wa masu ziyara shafukan yanar gizo; IIS na kamfanin Microsoft ne, Nginx kuwa buɗaɗɗiyar manhaja ce, wadda kowa ke iya duba rubutunta ya gyara.) Wallahi yadda ka yi tambayar sai ka ce har yanzu 2001 muke.

A lokacin kam faɗa ake yi sosai. Apache, shi ma buɗaɗɗiyar manhajar saba, wanda 'yan sa-kai suka fitar a 1995 bayan sun yi ta yi wa tsohuwar sabar cibiyar bincike ta NCSA faci, shi ke riƙe da mafi yawan shafukan duniya. Microsoft na ta tallar IIS da ASP, hanyarta ta rubuta shafuka, har shugabanta na lokacin Steve Ballmer ya kira Linux ciwon daji. A shekarar ce kuma ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Code Red ta afka wa sabobin IIS, masoya buɗaɗɗiyar manhaja suka samu abin dariya. Sai ga 2014 an bankaɗo wata ɓarakar tsaro mai suna Heartbleed a cikin OpenSSL, wadda ita ma buɗaɗɗiya ce, ashe manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafuka mutane ƙalilan ke kula da ita, kuɗin ma ba wani na kirki ba. Rubutunta a fili yake, kowa na iya dubawa, amma wa ya duba?

Yau kuwa an cakuɗe. Microsoft ta buɗe .NET, dandalinta na rubuta manhaja, a 2014, yana gudu lafiya lau a kan Linux, ta kuma saye GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, a 2018 kan dala biliyan 7.5. Nginx ɗin da Igor Sysoev ya saki kyauta a 2004, kamfanin da aka gina a kansa, wani kamfani mai suna F5 ya saye shi a 2019.

Ni abin da nake ji maka tsoro ba kuɗin lasisi ba ne. Tarkon yanzu yana wurin masu ba da hayar sabobi irin su AWS da Azure. Za su tarbe ka hannu bibbiyu da PHP ɗinka (harshen rubuta shafuka) da PostgreSQL ɗinka (rumbun bayanai), sannan a hankali su saba maka da wasu hidimomi nasu da ba a samunsu ko'ina. Ranar da ka tashi ƙaura za ka tarar sai an sake rubuta aikin da yawa, kuma kafin 2024 fitar da bayananka ma sai ka biya caji. Shiga da sauƙi, fita da wuya, kamar ramin kura.

Saboda haka ka fara duba ma'aikatanka. In a C#, harshen rubuta manhaja na Microsoft, suka ƙware, kada ka tilasta musu PHP don burge kowa; ku rubuta da .NET, ku ɗora a Linux, Nginx na gaba. Rumbun bayanai kuwa ka riƙe PostgreSQL ko MariaDB, waɗanda za ka iya ɗauka ka kai duk inda ka ga dama. Kafin ku sa hannu da kowane kamfani, ka gwada kwafe komai zuwa wata sabar ka ga ko zai tashi.

Ka turo min tsarin da kuka zana in duba. A gaida mutanen gida.

Naka har kullum.