Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa Kan Yatsun Jarirai

Mai Girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, Allah ya taya riƙo.

Ranka ya daɗe, ni ungozoma ce a Daura, kuma roƙona bai wuce a riƙa duba yatsun jariri kafin ranar suna ba.

Cindo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Galibi ɗan tsiro ne mai reto a gefen ƙaramin yatsa, gado ne, kuma ya fi yawa a baƙar fata. Shi kansa bai cika zuwa da cuta ba, wajen cire shi ake ɓarna. A ɗaure da zare har ya yi baƙi ya faɗi, ko wanzami ya datse da askar da ya gama aski da ita. In da ƙashi ko jijiya a ciki, sai zubar jini, ko ƙulli mai zafi ya saura, ko ma sarƙewar haƙora.

Babban yatsa ne ya fi tayar mini da hankali. Jariri ya zo babu shi, ko ya zo a ƙanƙance, ko da gaɓa uku maimakon biyu, sai tsofaffi su ce "halittar Allah ce, a rufe masa hannu." Halittar Allah ce kam, amma wani lokaci hannun yana ba da labarin abin da ke ciki. A larurar Holt-Oram, wadda likitoci biyu suka bayyana a Ingila a 1960, kusan uku cikin huɗu na masu ita suna da matsalar zuciya, sau da yawa huji ne a cikinta. A larurar Fanconi kuwa, ɓargo ne ke daina yin jini bayan yaro ya tasa. Ita galibi sai an gado daga uwa da uba duka, shi ya sa auren zumunci ke ƙara yiwuwarta, ga shi kuwa mun riƙe shi hannu bibbiyu.

Sai yatsu masu mannewa. Idan dogo ya manne da gajere, dogon lanƙwashewa yake yi yayin girma, don haka ake so a raba irin wannan kafin shekara guda. Mu kuwa sai yaro ya kasa riƙe alƙalami a makarantar allo ake kawo shi.

Ranka ya daɗe, jiharmu na da gundumomi 361. A horar da ma'aikatan ƙananan asibitocinsu su ƙirga yatsun hannu da na ƙafa, su rubuta a kati, su san wanda za a tura Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina don hoton zuciya da gwajin jini, da wanda sai asibitin ƙashi na Dala a Kano. Kuɗin aikin ya shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. Wanzamai kuma ta hannun masarautun Katsina da Daura za a same su, domin su ke shiga ɗakin mai jego a ƙauyukan da ba mu zuwa.

Na gode, ranka ya daɗe.

Wata ungozoma,
Daura