Bindigar Duri Ta Baki: Tsohuwa Ta Ajiya Ce, Sabuwa Ta Harbi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili a jaridarka mu yi magana kan bindigar da ake durawa ta baki da baƙin albarushi, domin masu sha'awarta suna yawan haɗa abubuwa biyu da bai kamata a haɗa ba: tsohuwar bindiga ta tarihi, da sabuwa da aka ƙera a kan fasalinta. Ta farko ajiye ta ake yi. Ta biyu ita ake kaiwa filin harbi.

Duk wanda tsohuwar bindiga ta shigo hannunsa, ya ɗauka a dure take har sai ya tabbatar. Albarushin da bai sha ruwa ba yana iya tashi ko da ya shekara ɗari a ciki. Gwajin ba wuya. A kawar da bakin daga mutane, a zura sandar duri har ta tsaya, a yi mata alama daidai bakin bindigar, a zaro ta a ɗora ta kan bututun ta waje. Idan ƙarshenta ya kai kafar wuta, wato ɗan ramin da wuta ke bi ta kai ga albarushi a gindin bututu, babu komai a ciki. Idan ya rage inci ɗaya ko fiye, akwai duri, watakila ma ba ɗaya ba. Bayan yaƙin Gettysburg na Amurka a 1863 an tsinci bindigogi fiye da 27,000 a fili, kusan 24,000 a dure, kuma kusan rabin waɗannan an yi musu duri a kan duri. Sojoji ke nan da aka horar.

Sai mai ajiya ya kame hannunsa daga goge-goge. Launin ƙasa-ƙasa da ke jikin ƙarfe, da duhun da katako ya yi, su ne shaidar shekarunta. Wanda ya sa takardar yashi ya ƙyalla ta, ya zubar da darajarta, sau da yawa har da tambarin maƙeri da hatimin gidan gwaji, irin na Birmingham a Ingila da aka kafa a 1813. Ɗan mai a ƙyalle don ƙarfe, kakin zuma don katako, wuri marar laima, shi ke nan. Salon kunna wutar ma yana ba da hasken zamaninta: mai ƙanƙara ta daidaita ne a Faransa wajen 1610, Alexander Forsyth ya yi rajistar dabarar kunnawa da bugu a 1807, 'yar hular tagulla kuma, wadda kunama ke bugawa ta kunna wutar, ta bazu daga wajen 1820. An mai da masu ƙanƙara da yawa masu hula daga baya, don haka a duba ko akwai ramukan kusoshin da aka toshe a jikin farantin kunamar. Abin da ya hana a harba tsohuwar bindiga shi ne, tsatsar da ta ci gindin bututu ta ciki ba a ganinta ta waje.

Masu haɗa sabuwa da hannunsu, galibi doguwar bindigar Pennsylvania da maƙeran Jamusawa suka fara yi a yankin Lancaster a ƙarni na 18, ko gajeriya mai kauri irin ta 'yan'uwa Jacob da Samuel Hawken na St. Louis, ba sa ƙera bututu. Sayensa suke yi daga masana'anta, da tsagarsa ta ciki da murfin gindinsa. Bututun famfo ko na ƙarfen kujera yana da ɗinki a tsawonsa, kuma ta nan yake tsagewa. Aikin mai haɗawa na katako ne. Ana shafa wa bututun baƙin hayaƙin fitila, a kwantar da shi a cikin ƙotar, a ɗaga, duk inda baƙin ya taɓa a kankare da kurfi kaɗan-kaɗan. Inda aka fi yin kuskure shi ne gindin: idan bai zauna daram a jikin katakon ba, duk harbi zai riƙa dukansa har ƙotar ta tsage a wuya. Kafar wuta kuma, mai faɗin kusan kashi ɗaya cikin 16 na inci, ta zo a tsakiyar 'yar tasar albarushi da ke gefen bututu, inda tartsatsin ƙanƙara ke faɗawa, daidai da leɓenta na sama. Idan ta yi ƙasa, albarushin tasar zai binne ta, wutar ta riƙa ci a hankali maimakon ta faɗa ciki nan take.

Yanzu duri, wanda nan ne gwaninta take. Mu ɗauki bindiga mai ramin rabin inci, wato .50. Harsashinta ƙwallon tsantsar dalma ne mai faɗin inci .490, nauyinsa giram 11 da rabi, ana naɗe shi da ƙyallen auduga ko lilin mai kaurin inci .010 zuwa .015 da aka jiƙa da kitse. Ƙyallen ne ke kama tsagar bututu ya murɗa harsashin, shi ne kuma ke hana iskar wuta kuɓucewa ta gefe. Kada a yi amfani da yadin leda, narkewa yake yi. Ƙwallo ya fi son tsaga mai murɗawa a hankali, zagaye ɗaya a inci 66, ko da yake ɗaya a 48 ma tana yi. Albarushi hawa-hawa ne gwargwadon girman ƙwayarsa: FFg na .50 zuwa sama, FFFg na ƙananan ramuka, FFFFg mai laushi kuma na 'yar tasa kaɗai. Ana farawa da giren 50, wato giram uku da 'yan kai, a ƙara biyar-biyar har harsasai su riƙa taruwa wuri ɗaya, ba tare da an wuce iyakar da masana'anta ta rubuta ba. Ƙarin albarushi bayan wannan hayaƙi ne da ciwon kafaɗa.

Daga ƙaho a zuba a ma'auni, a toshe ƙahon, sannan daga ma'auni a juye a bututu. Ba a taɓa zubawa kai tsaye daga ƙaho, domin idan akwai ɗan garwashi da ya rage daga harbin baya, ƙahon gaba ɗaya zai tashi a hannu. Shi ya sa ake goge ciki da ƙyalle mai ɗan danshi, a bi da busasshe, tsakanin harbi da harbi. A ɗora ƙyalle da ƙwallo a baki, a shigar da gajeren maturi, sannan a tura da sanda ana riƙe ta kusa da baki, taki-taki, don doguwar turawa ita ke karya sanda ta soki tafin hannu. Fuska da yatsu ba sa haye bakin. Ƙwallon ya sauka har ya zauna a kan albarushi. Idan aka bar sarari a tsakaninsu, bututun na iya kumbura ko ya fashe. Alamar da aka yi wa sanda a duri na farko ita za ta riƙa nuna ko ya kai, ita ce kuma ke tona duri biyu. Hula ko albarushin tasa shi ne na ƙarshe, sai an tsaya a layi an fuskanci abin bara. Tasar ma ba a cika ta, kashi ɗaya cikin uku ya wadatar.

Idan aka ja kunama ba ta tashi ba, a ci gaba da nuna ta gaba aƙalla minti ɗaya, domin wani lokaci wutar tana cin hanya ne. Dalilan ƙin tashi sanannu ne: ƙanƙara ta dakushe ko ta yi sako-sako a cikin fatar da ke riƙe ta, mai ya taru a gindin bututu, kafar wuta ta toshe, ko kuma an manta albarushin ɗungurum aka tura ƙwallo. Wannan na ƙarshen da dunƙulen sukurun da ake ɗaurawa a kan sanda ake zaro shi. Mai son sanin lafiyar durinsa ya tsinci ƙyallayen da suka faɗi taki goma gaba da shi. Wanda ya fito da'ira da baƙi a tsakiya, lafiya lau. Wanda ya ƙone ya huje, ya yi siriri ko kitse ya yi masa kaɗan. Wanda ya yanke a gefe, bakin bututun na da kaifi.

Abu ɗaya ba shi da sassauci: albarushin zamani marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya fito da shi a Faransa a 1884, ba ya shiga wannan bindiga ko ƙwaya ɗaya. Ƙarfin matsinsa ya ninka abin da aka yi bututun ya ɗauka, kuma launi ba hujja ba ne, tunda shi ma yakan zo baƙi. Haka na haɗin gida, wanda ƙarfinsa ba ya zuwa ɗaya, ma'auni ba ya aiki a kansa. Batun izini kuwa kowa ya bi dokar ƙasarsa. A Amurka dokar tarayya ta 1968 ta sassauta wa tsofaffin bindigogi da kwaikwayonsu, amma a Ingila harba ta sai da lasisin bindigar da kuma takardar izinin albarushi daga 'yan sanda.

Wanki a ranar harbi ake yinsa, ba a kwana. Fiye da rabin albarushin da ya ƙone dauɗa yake zama, mai gishiri, mai jan laima, kuma ruwa ne ke narkar da ita, mai ba ya yi. A wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu har ƙyalle ya fito fari, a busar sarai, a shafa mai kaɗan, a jingine ta baki ƙasa na kwana ɗaya don man ya tsiyaye daga gindin. Bayan kwana biyu a sake zura farin ƙyalle; in ya fito da ja-ja, a maimaita wankin.

Wassalam.

Daga wasu masu karanta jaridarka